Duwatsun da Ke Bayan Cocin White Marsh



Da yawanmu mun taɓa riƙe diga da shebur a makabarta, domin in aka yi rashi a ikilisiya mu ake fara nema. Saboda haka mun san abin da damina take yi wa kabari. Shekarar farko tudun yana nan, gicciyen katako yana tsaye. Ta biyu gara ta ci gicciyen. Ta uku tudun ya lotsa, ciyawa ta rufe shi. In tsohon da ya san wurin ya kwanta dama, sai a koma cewa "ta wajen nan ne dai," har a daina faɗa gaba ɗaya. Labarin da na kawo muku yau na wata makabartar Katolika ce a Amurka wadda daji ya cinye, da mutanen da suka yi gayya suka buɗe ta, da kuma abin da suka tarar a ciki.

Wurin yana garin Bowie a jihar Maryland, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Washington. A kan wani tudu akwai tsohuwar majami'a da ake kira Sacred Heart, wato Zuciya Mai Tsarki ta Yesu. Tsohon sunan filin White Marsh, ma'anarsa farar fadama. A gefen majami'ar akwai makabarta mai tsabta, ana yanke mata ciyawa, kowane kabari da dutsensa sassaƙaƙƙe, da sunan mai shi da shekarar da ya rasu. A nan aka binne firistoci da Turawan ikilisiya. Daga bayanta kuma tudun ya gangara cikin itatuwa da sarƙaƙiya da ƙaya. Shekara da shekaru masu zuwa sujada suna wucewa ta gefen wannan gangare, yawancinsu suna ɗauka daji ne kawai.

Ranar Litinin 16 ga Janairu 2023, ranar hutun tunawa da Martin Luther King wadda Amurkawa da yawa suke bayarwa ga aikin sa-kai, jama'a suka hau tudun cikin sanyin hunturu da zarto da manjagara da almakashin sare reshe. Akwai 'yan ikilisiyar, akwai ɗaliban jami'a, akwai kuma baƙaƙen fata da suka zo neman kakanninsu. Suna sare ƙaya suna kwashe ruɓaɓɓen ganye, sai duwatsu suka dinga fitowa. Duwatsun gona ne irin wanda mutum zai yi tuntuɓe da shi ya wuce, amma an kafa su a tsaye, a jere, wani a kai wani a ƙafa. Kusan dukansu babu rubutu ko harafi ɗaya. Duk inda aka ga dutse sai a soka ƙaramar tuta, har gangaren ya cika da tutoci. Kafin a yi nisa lissafi ya kai ɗaruruwa.

In muna so mu san su waye a ƙarƙashin duwatsun nan, sai mun koma baya kusan shekara ɗari huɗu.

A 1634 jiragen ruwa biyu daga Ingila suka sauke Turawan da suka kafa Maryland. A cikinsu akwai firistocin ƙungiyar Jesuit, shugabansu Fada Andrew White, wanda ya yi Mas ta farko a can ranar 25 ga Maris na shekarar. An kafa Maryland ne domin Katolika su sami wurin shaƙatawa daga tsanantawar da suke sha a Ingila, amma abin bai ɗore ba. Bayan 1689 mulki ya fita daga hannunsu, a 1704 kuma aka yi dokar da ta hana su sujada a fili. Abin da aka bar musu shi ne Mas a cikin gida. Firist ba shi da albashi daga gwamnati, ba shi da babbar ikilisiya mai baiko. Sai 'yan Jesuit suka dogara ga gonaki: su noma taba su sayar, su gina ɗakin sujada manne da gidan gona domin doka ta ɗauke shi a matsayin gida. Masu noman tabar kuwa bayi ne, 'yan Afirka da 'ya'yansu da jikokinsu.

White Marsh ta shigo hannunsu a 1729, lokacin da wani attajiri Bakatolike mai suna James Carroll ya rasu ya bar musu filin gado, haɗe da bayin da ke kansa. Wajen 1741 aka gina ɗakin sujada a kan tudun. Hausa tana da sunan irin wannan wuri, ba sai mun yi aro ba: rinji ne. Yaran da aka haifa a ciki kuma cucanawa ne, sun buɗe ido sun tarar da kansu dukiyar wani. Bambancin wannan rinji da na maƙwabta shi ne iyayengijinsa firistoci ne. Su suke yi wa jaririn baiwa baftisma, su koya masa katekizim, su ɗaura masa aure a gaban bagade, su ba shi Jibin Ubangiji, su kuma rubuta sunansa a littafin lissafin gona kusa da adadin shanu da gangunan taba. Mutum ɗaya yana riƙe da littattafan biyu, da tawada ɗaya yake rubuta su.

Tudun nan yana da babban matsayi a tarihin Katolika na Amurka. A 1773 Paparoma Clement na 14 ya rushe ƙungiyar Jesuit, firistocin Maryland suka zama kamar tumakin da ba makiyayi. A watan Yuni 1783 suka taru a White Marsh domin su tsara yadda za su tafiyar da kansu da kuma dukiyar da ƙungiyar ta bari. A nan ne kuma, a watan Mayu 1789, suka zaɓi John Carroll ya zama bishop, Roma ta tabbatar da shi a watan Nuwamba a matsayin bishop na Baltimore, na farko a ƙasar. A wannan shekarar ce ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Georgetown. Littattafan tarihin ikilisiya sun daɗe suna ba da wannan labari da alfahari. Ni kuwa duk lokacin da na karanta shi sai in tambayi kaina: wa ya dafa wa taron abinci? Wa ya kama linzamin dawakansu, ya kai musu itacen wuta? Kuma dukiyar da suka zauna tsarawa, ashe ba har da waɗannan masu hidimar a cikinta ba?

Kada mu ɗauka mutanen rinjin sun zauna shiru suna jiran abin da Allah zai yi. Akwai wani babban iyali a White Marsh mai suna Queen. Dokar lokacin ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa: in uwa baiwa ce shi bawa ne, in 'ya ce shi ma ɗa ne. Iyalin Queen sun riƙe labari daga bakin kakanni cewa kakarsu Mary Queen, wadda aka kawo Maryland wajen 1715, 'ya ce ba baiwa ba. A 1791 Edward Queen ya kai ƙarar Fada John Ashton, mai kula da White Marsh, gaban kotu. Ku duba wannan hali: ɗan ikilisiya yana shari'a da firist ɗinsa a kan ko shi mutum ne mai mallakar kansa. A 1794 ya yi nasara, wasu danginsa kuma suka bi sahunsa suka sami 'yanci.

Amma ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Wata 'yar zuriyar, Mina Queen, ta kai tata ƙarar har Kotun Ƙoli ta Amurka a 1813. Lauyanta shi ne Francis Scott Key, wanda daga baya ya rubuta kalmomin da suka zama taken ƙasar. Babban alƙali John Marshall ya yanke cewa shaidar "na ji an ce" ba ta karɓuwa. To, wace shaida ce bawa yake da ita a kan kakar da ta mutu tun da daɗewa, in ba abin da tsofaffi suka faɗa ba? Shi da aka hana karatu, aka hana takarda? Alƙali ɗaya ne ya ƙi yarda da hukuncin, Gabriel Duvall, wanda gidansa ba shi da nisa da White Marsh, kuma shi kansa ya taɓa tsaya wa iyalin Queen a kotu. Ya ce in aka rufe wannan hanya an rufe wa irin waɗannan mutane hanyar samun gaskiya ke nan, kuma 'yancin mutum ya fi haƙƙin dukiya nauyi. Ra'ayinsa bai rinjaya ba.

An maido da ƙungiyar Jesuit a 1814. A 1823, da za a buɗe sabon aikin bishara a Missouri, can yamma, aka tashi daga White Marsh da firistoci da matasa masu koyon aikin, aka kuma tafi da bayi shida, ma'aurata uku: Thomas da Molly Brown, Moses da Nancy Queen, Isaac da Susan Hawkins. Ba a tambaye su ba, danginsu kuma suka rage a baya.

Sai babbar masifa ta 1838. Gonakin sun daina kawo riba, taba ta gajiyar da ƙasa, makarantar Georgetown kuma bashi ya yi mata katutu. Shugabanni biyu, Fada Thomas Mulledy da Fada William McSherry, suka nace a sayar da bayin gaba ɗaya. Wasu firistocin sun ƙi, suna cewa sayar da su ga gonakin rake na kudu jefa rayukansu ne cikin halaka. Shugaban ƙungiyar a Roma, Fada Jan Roothaan, ya yi ta jan ƙafa, daga baya a 1836 ya yarda bisa sharuɗɗa: kada a raba miji da mata, a tabbatar za su ci gaba da samun firist da sujada, kada kuma a biya bashi da kuɗin. Ranar 19 ga Yuni 1838 Mulledy ya sa hannu a takardar sayar da mutum 272 ga Henry Johnson, tsohon gwamnan Louisiana, da Jesse Batey, a kan dala 115,000, abin da ya haura dala miliyan uku a kuɗin yau. An tattaro su daga gonaki huɗu: White Marsh, St. Thomas, Newtown da St. Inigoes. Suna na farko a jerin shi ne Isaac Hawkins na White Marsh, dattijo mai shekara 65, sunayen 'ya'yansa da jikokinsa suna biye. A cikin jerin akwai jaririya 'yar wata biyu.

Wasu sun tsira. A St. Inigoes, Fada Joseph Carbery ya tsegunta wa wasu cewa masu saye suna tafe, suka shige daji suka ɓuya har aka tafi. Amma yawancinsu an kai su tashar Alexandria an zuba a jirgin ruwa, mafi yawa a cikin wani mai suna Katherine Jackson, aka gangara da su New Orleans kafin ƙarshen shekarar. Sharuɗɗan nan uku kuwa babu wanda aka cika. An raba iyalai. An ɗebi wani kashi na kuɗin an biya bashin Georgetown. Bayan shekara goma, a 1848, wani firist mai suna James Van de Velde ya ziyarci wasu daga cikin waɗanda aka kai Louisiana ya tarar ba su da majami'a kusa, firist kuma ba ya zuwa musu. Ya rubuta wa Mulledy yana roƙon a taimaka a gina musu wurin sujada, yana tuna masa cewa mutanen nan har yanzu suna riƙe da bangaskiyarsu. Shi Mulledy surutun da cinikin ya tayar ya sa ya sauka daga muƙaminsa ya tafi Roma na ɗan lokaci, amma ya dawo ya shugabanci wata sabuwar kwaleji a 1843, ya sake shugabantar Georgetown a 1845. A watan Disamba 1839 Paparoma Gregory na 16 ya fitar da wasiƙar la'antar cinikin bayi. Ga mutanen White Marsh an riga an yi shekara da ɗaure kaya.

Wannan wuri na labarin ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ba ni da saurin bayani a kansa. Waɗanda suka koya musu sunan Yesu su ne suka sayar da su, amma ba su yar da sunan ba. Zuriyarsu da yawa a Louisiana Katolika ne har yau. Cornelius Hawkins, jikan Isaac, yana da shekara 13 aka sa shi a jirgi. Ya rayu har ya ga ƙarshen bauta, kabarinsa kuma yana makabartar Katolika a Maringouin, da sunansa a jiki. Mutanen nan sun iya rarrabe tsakanin Ubangiji da bayinsa masu zunubi a cikin halin da ni ban tabbata zan iya ba. Mun san 'yan'uwa da suka bar sujada a kan abin da bai kai ƙwayar wannan ba, wani saboda maganar da dattijon ikilisiya ya faɗa masa a gaban mutane, wani saboda rigimar kuɗin kwamiti. Ba ina raina ciwon kowa ba ne. Ina dai ajiye labarin Cornelius kusa da nasu.

Mu koma kan tudu. Duk tsawon shekarun nan, daga 1729, ana mutuwa a rinjin White Marsh, ana kuma binnewa. Tsoho ya mutu, mai jego ta mutu, yara da yawa ba su kai yaye ba. Danginsu ne suke haƙa ramin a gangaren bayan majami'a, su nemo dutse a gona su kafa a kai. Dutsen ya ishe su, domin sun san wanda ke ƙasa. Uwa ba ta bukatar rubutu kafin ta gane kabarin ɗanta. Rajistar wannan makabarta a cikin kawunan mutane take. To, ranar da aka zuba mutanen a jirgi, an tafi da rajistar ke nan. Wannan shi ne abin da ya bambanta wannan makabarta da wadda sakaci kawai ya cinye: waɗanda ya kamata su riƙa share ta an sayar da su.

Gobara ta cinye ɗakin sujadar a 1853, aka sake gina shi a 1856. Maryland ta soke bauta ranar 1 ga Nuwamba 1864. Baƙaƙen Katolika da suka rage a yankin sun ci gaba da zuwa sujada, suna zama a wurin da aka ware musu kamar yadda ake yi a majami'un yankin a wancan zamani, suna kuma binne nasu a gangaren. A 1890 wasunsu suka gina tasu majami'ar, Holy Family, ba nisa da nan. Sannu a hankali iyalai suka watse zuwa birane neman aiki. A shekarun 1960 aka gina dubban sababbin gidaje a Bowie, baƙi suka cika garin, ikilisiyar ta girma har aka gina sabuwar babbar majami'a a filin. Sababbin 'yan ikilisiya ba su san Queen ba, ba su san Hawkins ba. Makabartar da ke da rubutu aka ci gaba da yanke mata ciyawa. Wadda ba ta da shi, itatuwa suka tsiro a cikinta har suka yi kauri.

Farkawar ta fara ne daga jami'a. A 2015 ɗaliban Georgetown suka tayar da magana a kan gine-gine biyu da ke ɗauke da sunayen Mulledy da McSherry. A wannan shekarar wani tsohon ɗalibi, Richard Cellini, ya ɗauki masu binciken asali su nemo zuriyar mutum 272 ɗin nan, bayan an gaya masa wai ba su bar baya ba. Aka same su, dubbai. A watan Afrilu 2016 'yar jarida Rachel Swarns ta buga labarin a jaridar New York Times, ƙasa ta ɗauka. Ranar 18 ga Afrilu 2017, a gaban zuriyar, Fada Timothy Kesicki, shugaban 'yan Jesuit na Amurka da Kanada, ya furta cewa ƙungiyarsu ta yi zunubi, ya roƙi gafara. Aka cire sunan Mulledy daga ginin aka sa na Isaac Hawkins. Ɗaya ginin aka ba shi sunan Anne Marie Becraft, baƙar fata 'yantacciya wadda ta buɗe makarantar 'yan mata a unguwar Georgetown kafin ta zama sista.

Abin mamaki a nan shi ne hanyar da aka bi aka samo sunayen. Takardar ciniki ce ta adana su, da takardar lodin jirgi, da takardun jingina, domin mai saye yana so ya san abin da ya saya, banki kuma yana so ya san abin da aka jinginar masa. Sai kuma littattafan baftisma. Wanda aka sayar, an rubuta sunansa da shekarunsa. Wanda ya mutu a gida aka binne shi a bayan majami'a, dutsensa bai ce komai ba.

Da labarin ya bazu, zuriyar suka fara zuwa White Marsh suna tambaya ina aka binne nasu. A 2022 ikilisiyar ta sa aka auna wani sashe na filin da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ana tura ta kamar keken jarirai, tana aika sigina cikin ƙasa tana karɓar amsa; inda aka taɓa haƙa rami aka mayar da ƙasa, amsar takan bambanta da ta ƙasar da ba a taɓa ba. Ba ta nuna ƙashi, ba ta kuma taɓa mamaci, tana dai nuna siffar ramin. Sakamakon ya nuna kaburbura da yawa inda ba a zata ba. Amma na'urar ba ta tafiya cikin sarƙaƙiya, kuma ba a shiga irin wannan wuri da katafila, domin za ta tumɓuke duwatsun ta shafe shaidar da ta rage. Dole sai da hannu. Abin da ya sa aka kira gayya ke nan.

Wata malamar ilimin tono tarihi daga Jami'ar Katolika ta Amurka, Laura Masur, ta jagoranci ɓangaren bincike tare da ɗalibanta. Ƙa'idar aikin mai sauƙi ce amma tana bukatar haƙuri: a sare, a kwashe, amma kada a ɗaga dutse daga inda yake. Dutsen da aka gusar ya zama dutse kawai. Wanda aka bari a wurinsa, in aka haɗa shi da na kusa da shi, da ɗan lotsawar ƙasa a tsakaninsu, yakan nuna tsawon kabarin, har a gane na babba ne ko na yaro. Kowanne a sa masa tuta, a ɗauki hotonsa, a shigar da shi taswira. Matashi mai ƙarfi da ya saba in ya shiga gona ya yi kaca-kaca da ita kafin azahar, a nan sai ya koyi durƙusawa yana share ganye da tafin hannu. Masu binciken suna kyautata zaton bayi ne da yawa daga cikin masu kaburburan, tare da 'yantattun baƙaƙe da zuriyarsu da aka ci gaba da binnewa bayan bauta.

Ku yi tunanin waɗanda suka haɗu a wannan gangare. Ga ɗan ikilisiya Bature wanda iyayensa suka zo Bowie jiya-jiya, ba shi da hannu a cinikin 1838, amma a majami'ar da guminsu ya gina yake sujada. Ga wadda sunan kakanta yana cikin jerin Mulledy. Ga ɗalibin da ya zo don malamarsa ta ce a zo. Babu wanda zai iya nuna dutse ya ce wannan na wane ne. Mai neman kakarta tana iya share kabarin wata, wani kuma ya share na tata kakar bai sani ba. A ƙarshen watan Fabrairu 2023 Kadinal Wilton Gregory, babban bishop na Washington a lokacin, kuma baƙar fata na farko daga Amurka da ya zama kadinal, ya hau tudun tare da zuriyar da 'yan ikilisiya, ya yi addu'a, ya sa wa kaburburan albarka.

Ina karanta labarin nan sai Yusufu ɗan Yakubu ya faɗo mini. Shi ma 'yan'uwansa ne suka sayar da shi, ba baƙi ba, a kan azurfa ashirin. Da zai mutu a Masar ya sa 'ya'yan Isra'ila suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa. Littafin Fitowa ya nuna Musa ya ɗauke su a daren fita, a cikin duk gaggawar nan, aka yi shekara arba'in ana yawo da su a jeji, sai a ƙarshen littafin Joshuwa aka binne su a Shekem. Zuriyar waɗanda suka jefa shi rijiya suna cikin masu ɗaukar akwatin. Mu da muke furta cewa mun gaskata da tashin jiki, ba za mu ce ƙashin ɗan'uwa ba komai ba ne. Katolika ma suna lissafa binne matattu cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki, tare da ciyar da mayunwata da ziyartar ɗaurarru. Waɗannan mutane an binne su tun tuni, danginsu sun yi musu wannan. Abin da ikilisiya ta hana su shi ne a san suna nan.

Kada kuma mu yi saurin cewa an gama, an shirya. Share makabarta ya fi biyan bashi sauƙi. A watan Maris 2021 'yan Jesuit suka yi alkawarin tara dala miliyan 100 domin wata gidauniya da suka kafa tare da zuriyar. Shekara ta zagayo, shugabannin zuriyar suka fito suna kukan cewa kuɗin ba ya shigowa yadda aka faɗa. Abin da aka fara zubawa miliyan 15 ne. A watan Satumba 2023 aka ƙara miliyan 27 daga ƙungiyar da jami'ar. A cikin zuriyar ma ba baki ɗaya ba ne: wasu suna ganin gidauniyar ta yi, wasu suna cewa ba a shawarce su ba, wasu kuma suna so a biya iyalai kai tsaye. Wanda ya ba da Asabar ɗinsa ya sare ƙaya a tudun White Marsh bai warware wannan ba, kuma ban ji ya ce ya warware ba.

Aikin kan tudun shi ma ba na rana ɗaya ba ne. Maryland ƙasa ce mai ruwa, abin da aka sare a Janairu yakan tofo kafin Yuni, ganye kuma ya sake zuba a kaka ya rufe duwatsun. Tutocin na roba ne da siririyar waya, rana tana kashe musu launi, iska tana kayar da su. Sai an dawo an sake sarewa, an bi taswira an mayar da kowace tuta kan dutsenta. Masu binciken kuma suna can suna bin tsofaffin littattafan baftisma da na jana'iza da na lissafin gona, suna fitar da sunayen waɗanda suka rayu suka mutu a White Marsh, Queen da Hawkins da sauransu, suna haɗa jeri. Jerin yana hannu ɗaya, taswirar duwatsun tana ɗaya hannun.